Lambata a Rajista

Muna aji uku na ƙaramar sakandare a Ikara aka kawo mana sabuwar malamar lissafi, mai yawo da kwamfuta a jaka. Takardun gwajinta tsaf suke kamar shafin littafi, kuma kowace ɗaliba da nata alƙaluman, don kada a kwafi amsa. Makin wannan zangon ne zai nuna masu shiga ajin kimiyya, ni kuwa can nake so.

Na faɗi gwaji biyu a jere. Abokiyar zamana, 'yar Malikanchi, rabawarta kullum fita take ba saura. Tawa sai ta ja doguwar jela, a karɓe takarda ina kanta. Na fara zargin Malama. Ranar da ta fara shigowa ban ɗaga murya wajen gaisuwa ba, na ce ko ta riƙe ni a rai.

Ban gaya wa kowa ba. Ranar shararmu sai in tsince takardun da aka yar, in kakkaɓe, in ɓoye cikin hijabi. Da na jera su a gida na ga mu uku ake ba masu wuyar: ni da wasu biyu da ko hira ba ta haɗa mu.

Sau uku ina komawa daga ƙofar ofishin malamai kafin na yi sallama.

"A'a, kurmar ajina. Yau baki ya buɗe?"

Na ajiye takardun a gabanta, idona a ƙasa. "Malama, me muka yi miki?"

Ta yi dariya, ta juyo da kwamfutar. A tsakanin jimlolin tambaya akwai wasu layuka cike da alamomin rubutu na baka-baka.

"Ba ni nake zaɓa ba, ƙanwata. Waɗannan umarni ne, a cikin takardar suke zaune. In zan buga, sai su karɓi lambarki ta rajista su fitar da alƙaluma. Lamba ɗaya, tambaya ɗaya, ko sau ɗari aka maimaita. Ba su san sunanki ba."

Ban yarda ba. Na roƙe ta ta bar sunana yadda yake, ta sa lambar abokiyar zamana. Tambaya mai sauƙi ta fito. Ta mayar da tawa, goma sha bakwai, mai wuyar ta dawo.

"Kin gani?"

"Malama, lambobin sauran biyun bakwai ne da ashirin da bakwai."

Dariyar ta tsaya. Ta bi layukan da yatsa a hankali, ta tsaya kan ɗaya.

"Da alƙalamin ƙarshe na lambar rajista na ce a riƙa rabawa, ashe bakwai ce ke jan jela," ta ce, kamar da kanta take.

Ranar Laraba mu uku muka sake gwajin a ofis. Na tsaya sai da na ga ta gyara layin, ta buga takardar a gabana. Da ƙyar makina ya kai, amma sunana ya fito a ajin kimiyya.