Murhun Hajiya da Kaskon Iya

Ni na rushe murhun mahaifiyata. Da hannuna na ɗauke duwatsun nan uku na jibge su a bayan soro, ina haki, ina jin kamar na yi wa duniya wani babban aiki. Na haura arba'in a lokacin, har furfura ta fara leƙowa a gemuna, don haka ba ni da uzurin ƙuruciya.

Abin ya samo asali ne daga wata bita da ofis ya tura mu a kan sauyin yanayi. A can aka yi mana bayani cewa duk abin da gida ya ƙona, itace ne, gawayi ne, fetur ne, hayaƙinsa yana taruwa a sama ya riƙe zafi, kuma kowane gida yana da nasa kason a laifin. Aka raba mana takarda mai layi-layi, aka ce kowa ya je ya auna na gidansa ya ga inda zai rage. Abokan aikina fifita suka yi da tasu a mota. Ni kuwa, da yake Allah ya yi ni da ɗaukar abu da zafi, na dawo unguwarmu Soron Ɗinki da ita kamar an naɗa ni sarauta.

Gidanmu tsohon ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. Ni da matata da yara muna sashen gaba, Hajiya tana can ƙurya, a ɗakin da ta shiga tun tana amarya. Matata da gas take girki tuntuni. Murhun Hajiya yana ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano a tsakar gida, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin wutarsa ta mutu murus ba. In ta sauke tuwo sai ta binne garwashi a toka, da safe ta tone, ta ɗora ƙirare ta hura. Duk lungunmu an san da haka. Mai son garwashin guga ko na turaren wuta, gidanmu yake zuwa ɗiba.

Cikin masu zuwa akwai wadda ba ta fashi, wata tsohuwa da muke ce wa Iya, gida uku ne tsakaninmu. Mijinta maɗinki ne, ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Da ɗinkin hula ta riƙe kanta har ido ya ƙi. Kullum da safe sai ga ta da wani kasko mai tsagaggen baki, ta yi sallama ta ce ta zo ɗiban wuta. Hajiya ta ce mata wutar ba ta kama ba tukuna, ta zauna. Daga nan sai ta tura mata kofin koko ko kwanon ɗumame, ta ce, "Taya ni, ya yi min yawa." In Iya ta tashi tafiya, kasko yana hannu ɗaya, ɗaya hannun yana cikin mayafi riƙe da wani ƙunshi.

Iya ba ta roƙo. In ka aika mata da abinci sai ta dawo maka da kwanonka yadda yake, ta ce ta ƙoshi, Allah ya saka. Wuta ce kaɗai abin da take iya zuwa nema ba tare da ta sunkuyar da kai ba, don wuta kowa yana ɗiba, har matan attajirai. Ta wannan hanyar take karya kumallo. Duk wannan na sani. Gara in faɗa tun yanzu, kada in zo ƙarshe in ce ban sani ba.

Mako biyu na yi ina awo. Na aro sikeli a wurin wani mai sayar da hatsi, kullum kafin Hajiya ta ɗora itace sai na auna shi na rubuta. Ta mayar da abin wasa, in ta hango ni sai ta ce ga mai awon hayaƙi nan ya fito, yau mudu nawa muka yi? Na rubuta fetur ɗin motata, na rubuta na janareta, na rubuta gas ɗin matata. Da na gama na zana kowanne da layi, mai yawa dogo, mai kaɗan gajere. Dogaye uku suka fito: mota, janareta, murhu. Kuma gaskiya ɗaya ce, in aka haɗa mota da janareta, murhun Hajiya ko kusa da su bai zo ba.

To amma mota ai da ita nake zuwa ofis. Janareta kuma shi yake juya min fanka, da shi nake kallon ƙwallo. Na duba na duba, sai na ga murhu ne kawai za a taɓa ban ji a jikina ba. Na kuma samo wa kaina hujjoji masu kyau: tarin da Hajiya take yi, idonta da yake ja, bishiyoyin da ake sarewa a daji. Duk gaskiya ne. Sai dai ba su ne dalilina ba.

Na sayo 'yar ƙaramar tukunyar gas mai kan girki a samanta, na ajiye a gabanta, na zuba mata bayani kamar ina gaban 'yan bita. Ta saurare ni har na gama. Tambaya ɗaya ta yi.

"To masu ɗiban wuta fa?"

"Haba Hajiya, a wannan zamanin? Babu ashana ne a gari? Mu za mu yi ta ƙone daji saboda mutanen lungu?"

Ta dube ni ta ce, "Gidanka ne." Tun da mahaifina ya rasu ba ta taɓa gaya min haka ba. Maganar ta soke ni, amma maimakon in tsaya sai haushi ya ƙara tunzura ni, na tashi na kwashe duwatsun.

Washegari ina ɗaura agogo zan fita Iya ta shigo da kaskonta. Ta tsaya tana kallon baƙin tabon da murhu ya bari a ƙasa, ta juya ta kalli shuɗiyar wutar gas. Sai ta yi dariya ta ce wannan kam ai ba a ɗibarta. Ta sa min albarka sosai, wai na hutar da uwata. Hajiya ta ce ta zauna ta taya ta koko, ta ce a'a, ta bar tukunya a kan wuta. Wace wuta? Ita da ta zo ɗiba. Na ji wannan da kunnena, na sa takalmi na tafi ofis.

Ta ƙara leƙowa sau biyu, gaisuwa kawai daga tsaye, daga nan ƙafarta ta ɗauke. Hajiya ta aiki matata da tuwo, aka dawo da shi, wai yanzun nan ta sauke nata. Ni kuwa na goge dogon layin murhu a takardata na zana gajere, na kai ofis aka yi ta yaba min. Wallahi har daɗi na ji.

An fi wata guda a haka. Hajiya ba ta yi min faɗa ba, gaisuwa ce kawai take haɗa mu. Ran wata Asabar da hantsi ta kira ni, ta miƙo min kaskon turarenta. Ta ce tana son turara ɗaki, gas ɗina kuma ba ya garwashi, in je gidan Iya in ɗebo mata wuta. Na ce bari in sa a sayo gawayi. Ta ce, "Kai nake so ka je."

Na tafi ina ƙunƙuni, ƙato da ni, riƙe da kasko a cikin lungu. Na tarar da Iya a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, awarwaron da na san ta da shi ya zamo har kusa da gwiwar hannu da ta ɗaga hannu tana min maraba. Ta yi murna da ganina. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai murmushin ya tsaya.

"Ayya, ɗan nan, yanzun nan na kashe ta."

Da ina da hankali da na yi godiya na juyo. Amma ni mai awo ne, sai na gani da idona. Na ce bari in duba ko akwai saura a toka, na tsuguna a gaban murhunta. Babu toka. An share wurin tas, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin duwatsun, tukunya a kife ƙura ta rufe gindinta. Na ɗora tafin hannuna a kan dutse ɗaya, sanyi ƙalau kamar gindin randa. A gefe akwai kofi da guntun jiƙaƙƙen garin rogo. Iya ta ce in tashi kada in ɓata rigata, ta kawar da kai tana gyara mayafi.

A tsugunen nan na tuna da takardata. Da gidan Iya na auna, da ko layi ɗaya ba zan zana ba. Da ita ce ta ɗaya a lungun.

Na dawo da kasko wayam.  A ranar na kwaso duwatsun daga bayan soro na mayar da su kan tabonsu, na sayo itace, Hajiya ta hura. Aka aika wa Iya cewa wuta ta dawo. Ba ta zo ba. Ta ga hannuna a kan dutsenta, ta san na sani, kuma abin da ta shafe shekaru tana rufewa ke nan. Hajiya ce ta koma dogara sanda tana kai mata garwashi da ƙunshi, wata rana ta karɓa, wata rana ta ce ta ƙoshi. Kafin damina ɗan wanta ya zo ya tafi da ita ƙauye, a can ta rasu da shekara ta zagayo. Allah ya jiƙanta. Ban samu na roƙe ta gafara ba, don ban san yadda zan fara ba tare da na ƙara tona mata asiri ba.

Yanzu janareta sai zafi ya kai intaha nake tayarwa. Mota kuma ta fi kwana a ajiye, da ƙafa nake takawa zuwa Ƙofar Ɗan Agundi in hau ta haya. Abin da na rage ta nan ya ninka na murhu, kuma ban mutu ba. Tun ranar farko takardar ta nuna min haka.

Hajiya har yau tana binne garwashinta, kuma hannunta bai daina dama kokon mutum biyu ba. Kwanaki na zo wucewa da safe, ta ce in zauna. Na zauna a kan kujerar da Iya take zama, don ita kaɗai ce a wurin. Ta turo min kofi ba tare da ta dube ni ba.

"Taya ni, ya yi min yawa."

Na karɓa da hannu biyu. Na kai baki na sha.