Neman Mai Awon Haɗiya

A shekarar da haɗiya ta fara gagarar matata, ina jan motar haya tsakanin Suleja da Abuja. Loma ɗaya ta tuwo sai ta tsaya mata a ƙirji, ta miƙe tsaye tana korawa da ruwa, wani sa'in ruwan ma ya dawo. Ta sha maganin olsa har ta gaji. An zura mata kyamara ta baki, ba a ga ciwo ba. Ganin tana ta ramewa, dangi suka fara zancen sammu.

Wani likita a nan gari ne ya ce mana, "Ina zargin hanyar abincin ce ba ta matsawa yadda ya kamata. Akwai awon da ake kira manometiri, sai dai masu yin sa ba su da yawa. Ni kaina ban san inda zan tura ku ba."

Na haddace kalmar. Ma'aikata nake ɗauka kullum, don haka duk fasinjan da na ji yana zancen asibiti sai na tambaye shi. Wasu su yi dariya, wasu su yi mini kwatance. Na bi kwatancen nan duka. Wani wuri ba su taɓa jin sunan ba, wani wuri na'urar ta lalace. Na ci gaba da tambaya.

Wata safiya wata dattijuwar nas ta zauna a gaba. Da ta saurare ni, ta ce, "Malam direba, daina neman na'ura. Nemi ƙwararren likitan ciki da hanji, su suka san juna." Kafin ta sauka ta kira wata abokiyar aikinta, aka faɗa mana ranar da wani ƙwararren likitan yake ganin marasa lafiya a Abuja.

Ba ci ba sha muka je. Aka zura wa matata siririn tiyo ta hanci, hawaye na zuba, ana ba ta ruwa tana kurɓa kaɗan-kaɗan. Likitan ya nuna mana allo, ya ce bakin da ke shiga tumbi ne ba ya buɗewa, kuma akwai aikin da ake yi a sassauta shi.

Ran da aka sallame ta bayan aikin, muna wuce Madalla ta hango mai gasa masara.

"Maigida, tsaya mana."

"Likita ya ce kunu tukuna."

"To," in ji ta, "ka dai riƙe wurin."