Digirin Manajan Sito

Manajan sito ne a wani kamfanin fenti, mutum mai shiru-shiru. Matarsa ce ta matsa masa ya shiga digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Kowane kwas da nauyinsa, wanda ake kira kiredit, sai ka tara sittin kafin a ba ka shaida. Rabin maki daga jarrabawa yake zuwa, sauran daga aikin gida da na rukuni, daga ƙarshe kuma kundin bincike. Takan tsokane shi, wai ya koma kaza, yana tsintar digiri ƙwaya-ƙwaya.

Ta rasu a zango na biyu, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Bai daina zuwa aji ba. Duk Asabar yakan zauna a kujerar baya, ya rubuta abin da malami ya faɗa, ba abin da ke shiga kansa. 'Yan rukuninsa suka bar masa haɗa alƙaluma, tunda aikin ba ya son surutu. Ya faɗi kwas ɗin dabarun talla, ya maimaita, ya ci. Da faɗuwar da cin, duk ɗaya suke a wurinsa.

Ranar da ya kare kundinsa gaban malamai, ya wuce sito kai tsaye. Yayarsa ta kira shi a waya.

"Ƙanena, an gama ke nan? Barka!"

"An gama, Yaya."

"To, yaya kake ji?"

Ya dubi gwangwanayen da aka jera har rufi.

"Mota ta kawo kaya," ya ce. "Bari in je in duba."