Goggo Hansai Mai "Kin Duba Kuwa?"

Duk wanda ya zauna a Kinkinau ya san Goggo Hansai ba ta gaisuwa irin ta mutane. In dai mace ce ta tsaya a gabanta, kafin ina kwana sai ta ƙare mata kallo, ta ce, "Kin duba kuwa?" Wato kin shafa ƙirjinki kin ji ko akwai ƙullutu? A gidan suna take yi, a gidan rasuwa take yi, har cikin keke in ta samu baƙuwa kusa da ita. Ni da nake 'yar wanta na fi kowa shan kunya. Ranar da aka kawo lefena, ba a kai ga buɗe akwati ba ta riga ta ja yayar ango ɗaki tana nuna mata yadda ake ɗaga hannu.

Ku 'yan ƙungiya kun san mafarin abin, amma saboda sababbin shiga bari in maimaita. Goggo atamfa take sayarwa a Babbar Kasuwa. Ciwon daji ya kama ta, aka cire mata mama na hagu a asibitin Zariya. Tana zaman jiran likita ta riƙa ganin mata a kan benci, wata an rubuta mata magani ba kuɗin saya, wata ko na motar komawa gida babu. Tana samun sauƙi ta bi layin 'yan atamfa rumfa-rumfa, ta ce kowa ya riƙa ajiye wani abu duk Juma'a. Da azumi kuma ta tare manyan 'yan kasuwa da maganar zakka. Da wannan ake biyan kuɗin mota, da jini, da allurar kimo ta kashe ciwon daji, da ɗan abincin masu jinya. Haka ƙungiyarmu ta tashi.

Da abin ya girma aka naɗa Malam Garba ma'aji, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutum mai kunya kamar sabon suruki. Ranar farko ya ce, "Hajiya, ina abin da aka tara yau? Zan kai banki."

Goggo ta zura hannu cikin riga ta ɓangaren hagu, inda aka yi aikin, ta fara zaro kuɗi dami-dami. Malam Garba ya juya ya fuskanci bango yana salati.

Ta ce, "Juyo ka karɓa, Malam. Ba komai a wurin, likita ya kwashe kaya ya bar min shago."

Ya ce, "Hajiya, da dai jaka aka samu."

Ta ce, "Jaka ana fizgewa. Nan kuwa ɓarawon da ya kai hannu sai ya yi bayani."

Har ta bar duniya ta bayan kafaɗa yake miƙo hannu ya karɓa.

Maƙonta da kuɗin ƙungiya kuwa, Hajiya Talatu, ke ce shugaba, ke za ki ba da labari. Kin tuna shekarar da kika ce a yi taron wayar da kai a otal, a buga riguna, a sayo ruwan gora? Goggo ta saurara har kika gama, ta ce, "Kuɗin riga ɗaya mota ce zuwa Zariya da dawowa. Ki zaɓo matar da za ta zauna a gida, ki je ki faɗa mata rigarki ce ta hau motar."

Aka yi taro a tsakar gidanta, aka sha zoɓo. Ƙyallen sanarwa ma ba ta yarda an saya ba. Ta samo tsohon ƙyallen kamfen na wani ɗan siyasa da ya faɗi zaɓe, ta sa aka rubuta sunan ƙungiya a bayansa. Da safe ba wanda ya lura. Rana tana karkatawa haske ya bugo ta baya, sai ga fuskar mutumin nan ɓaro-ɓaro yana murmushi a saman kan mai jawabi. Mata suka fara raɗa, ashe Honarabul ne ya ɗauki nauyi. Hajiya Talatu, ke kuwa kamar ki nutse.

Washegari Goggo ta naɗe ƙyallen ta ce in raka ta gidansa. Ta shimfiɗa masa a falo, ta ce, "Ranka ya daɗe, jiya fuskarka ta zo taronmu. Ta samu wurin zama mafi kyau, ta sha addu'a, ta tashi ba ta ba da ko sisi ba."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce zai ɗauki nauyin gashin ciwon daji da ake yi a asibiti na mata biyu. Goggo ta sake naɗe ƙyallenta ta rungume. Ya ce, "Ai nawa ne, Hajiya." Ta ce, "Baɗi ma za ka zo."

Sai maganar Rabi. Rabi ga ta can tana rufe fuska, kuma ita ta ce in faɗa. Lokacin da aka gano ciwonta, mijinta Malam Iliya, kafinta a Rigasa, ya ce ba mai sa wa matarsa wuƙa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Yayarsa ta shiga tiyata ba ta fito ba. Ya koma sayen garin magani, ƙullutu kuwa yana ta girma. Shugaba ta je, limamin unguwa ya je, ya ce a'a.

Goggo ba ta yi musu da shi ba. Ta ɗauki tabarma da buta da carbi, ta bar rumfarta a hannun maƙwabciya, ta je ta shimfiɗa a ƙofar shagonsa. Duk wanda ya zo ba da aiki sai ta tare shi da fara'a.

"Gado za a yi maka? Madalla, gwani ne. Sai dai in ya ce a'a a kan farashi kada ka wahalar da bakinka. Matarsa ma tana kwance ana roƙonsa bai saurara ba, balle kai."

Malam Iliya ya ce, "Baba, kina kashe min kasuwa."

Ta ce, "Ni ma tawa a rufe take. Mu ga wanda zai fara jin yunwa."

Aka kwashe kwanaki a haka. Da azahar ta buɗe kwanon abincinta ta zuba masa rabi, ya ci yana fushi. Wata rana da shagon ya yi shiru sai ya ajiye zarto ya zauna a bakin tabarmar, ya ce, "Baba, in ta mutu a hannunsu fa?"

Goggo ta ce, "Ban isa in yi maka alkawarin rai ba, ɗana, wannan na Allah ne. Amma dube ni. An yanka ni, ga shi na hana ka sakat."

Washegari shi da kansa ya tari mota ya kai Rabi asibiti. Yau Rabi ke dafa wa masu jinyarmu abinci, kuma bencinan da kuke zaune a kai Malam Iliya ne ya yi. Goggo ta ce kyauta ne tun kafin shi ya sani.

Da ciwon ya dawo wa Goggo, muka zauna muka yanke cewa ƙungiya za ta biya. Ta ce, "Akwai layi. Ni ta nawa ce?" Aka ce ba a sa ta a layi ba. Ta ce to a sa ta a ƙarshe, tunda tana da atamfar sayarwa. Ta karyar da kayan rumfarta ta yi jinyar kanta, ba wanda ya iya tanƙwara ta.

Ko a gadon asibiti ba ta huta ba. 'Yan dubiya suka yi ta kawo madarar gwangwani da lemo, ita kuwa ba ta iya ci. Sai ta sa na jera su a ƙarƙashin gado. In mutum ya shigo hannu rabbana, sai ta ce, "Haka ka zo duba mara lafiya? Bar jin kunya, akwai madara a nan. Saya ka ba ni." Mutum ya biya, in miƙa masa gwangwani, ya miƙa mata, ta yi godiya har da addu'a, in mayar ƙarƙashin gado. Kuɗin kuma su tafi wurin Malam Garba.

Akwai wani gwangwani mai lotsattsen gefe. Babana, yayanta, ya saye shi ranar Litinin. Da ya dawo ranar Alhamis aka sake miƙo masa, ya jujjuya shi ya ce, "Hansai, wannan ba shi na ba ki ba?"

Ta ce, "Shi ne, Yaya. Ka ga yadda nake adana kyautarka."

Ya biya. Da ya fita baranda na same shi yana dariya yana share hawaye da hularsa.

Satin da za ta rasu ta ce in matso. Muryar ta yi ƙasa sosai. Na zaci wasiyya ce a kan gida ko 'ya'ya. Sai ta ce akwai wata yarinya a gadon ƙarshe, daga ƙauye aka kawo ta, tun da ta zo ba wanda ya leƙo ta. Ta ce, "Ki je ki zauna da ita. Ni ina da mutane har sun yi min yawa." Na je. Yarinyar tana nan da ranta, jiya ma ta kira ni.

Allah Ya jiƙan Goggo Hansai. Yadda ta yi ta tsayawa a ƙofar mutane saboda bayinKa, ya Allah kada Ka bar ta tsaye a ƙofarKa. Ka sanyaya makwancinta, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ka ba mu ko kaɗan ne daga taurin kanta. Amin.