Na Kai Wa Malam Darasina Ya Duba

Jos zuwa Tudun Wada

Ƙarfe biyar da kwata na asuba fijo ɗinmu ta bar tashar Jos. A shekarar da soja suka miƙa mulki ne, makarantar tauhidin da nake koyarwa ta ɗora mini darasin Musulunci ga masu shirin zama fastoci. Na rubuta shafi arba'in, duk daga littattafan Turawa, sannan na tuna ban taɓa zama gaban malamin Musulunci ko sau ɗaya ba. Sani, abokina tun bautar ƙasa, ya ce in je wurin kawunsa, Malam Habibu, a unguwar Sheshe cikin birnin Kano.

A Saminaka muka karya da waina. A dajin Falgore ɗan sanda ya leƙo, ya ga Littafi Mai Tsarki a cinyata.

"Fasto, Kano za ka yi wa'azi?"

"Karatu zan ɗauko."

Ya yi dariya ya ɗaga mana katakon shinge.

Cikin birni

Sha ɗaya da rabi muka sauka Unguwa Uku. Ɗan acaɓa ya ratsa da ni Yakasai, lungu na bin lungu, gwiwata na gogar katanga. Ban taɓa shiga cikin ganuwa ba sai ranar.

Malam Habibu dattijo ne siriri mai kaurin tabarau. Ya ce sai na ci gurasa tukuna. Da na gama ya ce, "Bismillah, karanta."

A shafi na uku ya ɗaga hannu. "Wa ya ce maka muna bauta wa Ka'aba? Fuskantarta muke yi. Soke." Na soke. Kafin la'asar birona ya cinye shafi tara.

Da ya dawo daga masallaci ya gyara zama. "Saura ni. Ku da kuke da alloli uku..."

"Allah gafarta Malam, ɗaya ne."

Na yi bayani iyakar iyawata. Ya saurara har ƙarshe.

"Ban gamsu ba," in ji shi. "Amma shekara talatin ina gaya wa ɗalibaina uku kuke cewa. Daga yau zan faɗi yadda kuka faɗa, sannan in yi raddina."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Gaya mini gaskiya, kana so in zama Kirista?"

"Ina so, Malam."

"Madalla! Da ka ce a'a da na raina ka. Ni ma tun shigowarka nake maka kwaɗayin kalmar shahada."

Muka yi ta dariya. A zaurensa na kwana.

Komawa

Bakwai na safe ya rako ni bakin titi. Har na hau acaɓa ya riƙo hannun rigata, ya yi ƙasa da murya.

"Iyalina, Hajiya Binta, wata huɗu ke nan tana kwance. Ka sa ta a addu'a, irin taku."

Ƙarfe biyu na isa gida lafiya. Ina godiya ga Allah, da Sani, da mutanen Sheshe. Da yamma da muka taru addu'ar gida, matata ta tambayi wa za mu fara ambata. Na ce Hajiya Binta.