Mai Almakashi na Zauren Masu Kiwon Kaji

Kafin ya buɗe shagonsa na ɗaukar hoton fasfo, ya riga ya leƙa zauren intanet na masu kiwon kaji sau uku. Mutumin nan ba ya iya zama. Shayi na hucewa a kan teburi, kwastoma ya gyara wuyan riga yana jira, shi kuwa ƙafa na kaɗawa, ido na kan waya, yana neman wanda ya jibgo hoto mai nauyin buhun siminti. Sai ya sauke shi, ya yanke abin da ba a bukata, ya rage nauyin, ya mayar. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ba wanda ya sa shi. Shi ya sa muke ce masa Mai Almakashi.

Dokarsa ɗaya ce: faɗin hoto kar ya wuce fiksel dubu, nauyinsa kar ya kai rabin megabait. Mun sha yi masa tsiya, muna cewa ko hoton aurensa sai da ya datse.

Wata safiya tsiyar ta ƙare. Wata malama da ta yi ritaya ta koma kiwo ta wayi gari kajinta tara sun mutu, sauran sun takure. Kaji ɗari uku ne, kuma su ne cin gidanta. Ta ɗauki hotuna goma da sabuwar wayarta, ta zuba su a zaure yadda suke. Likitan dabbobin da muke dogara da shi dattijo ne, yana zaune bayan gari inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ya rubuto: "Ba su buɗe ba, sai juyawa suke yi." Wani ya ce ta rage su. A ruɗe ta matse su kamar kan sarki. Likita ya ce yanzu sun buɗe, amma bai ga komai ba sai hazo. Kafin hantsi wasu shida sun bi.

Mai Almakashi ya bar kwastoma a kujera ya kira ta.

"Malama, turo min na asalin, kar ki taɓa su."

"Malam, suna faɗuwa a gabana."

"To, ke dai danna."

Yana tsaye ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya watsar da bango da kwanon ruwa da silifas ɗin malama, ya bar lungu guda na ƙasan ɗakin inda kashin kajin yake, tar da shi, marar nauyi, ya tura zaure. Minti biyu likita ya amsa: ya ga jini a kashin, ga maganin da za a zuba a ruwa, a kwashe garin katakon da ya jiƙe. Kaji ashirin da biyu ta rasa gaba ɗaya.

Mai Almakashi, kai ne ka san cewa a cikin masu buɗe kowane hoto akwai mai tsohuwar waya da 'yar data kaɗan. Kai ne ba ka taɓa kiwon ko ɗan tsako ba, amma ka ceci kaji fiye da wasunmu.

Yanzu yanar ido ta kama shi, an ce ya rage kallon waya. Ranar da ya sanar zai ajiye aikin, gaskiya tsoro ya kama mu, don yawancinmu ba mu taɓa koyon yanke hoto ba. Malamar ce ta fara magana: "Malam, gobe ina shagonka. Koya min, ni zan karɓa."

Mun gode, Mai Almakashi, Allah Ya ba ka lafiya. Mu kuma kar mu bar wa malama ita kaɗai. Kafin ka tura hoto, tsaya ka yanke, ka rage. Wata rana kajinka ne za su jira hoto ya buɗe.