Tagar Inna da Baba Buba bai kai ga maidawa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shiga ofis da safen nan wayar ƙanwata Hajara tash shigo daga Wurno: Baba Buba kafinta ya rasu. Ko jiya da la'asar shina shagonshi shina aiki.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokin marigayi mahaifinmu ne. Shi yay yi ƙyamaren tagogin gidanmu tun ba a haife ni ba, na katako masu sakata. Bai iya wuce ƙofarmu bai gyara wani abu ba, ko ƙafar kujera, ko murfin rijiya. In anka kawo mishi ruwa sai ya ce ai ya sha a gida.

Mahaifiyarmu, Inna, shekara uku ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ko an ce a fito da ita tsakar gida ba ta yarda, bayanta ba ya son ɗauka, ga kunya. Amma tagarta ta lungu a ƙasa take, daidai gadonta. Da hantsi ta buɗe, masu zuwa fadama su gaishe ta, mata su miƙo mata albasa a tsaya ana ta hira.

Bara ni da wayona nic ce gida ya tsufa. Nik kwaso masu alminiyam daga Sakkwato, gilashi mai zamewa, ƙarfen tsaro, ragar sauro. Sunka ce ginin ƙasa ne, gindin bangon ya zaizaye, ba zai riƙe ƙarfe ba sai an ɗaga tagar sama. Nic ce a ɗaga. Anka toshe tsohon wurin.

Har hoto nis sa a nan, kuna ta yi mini fatan alheri.

Ranar, ana shirin faskare tsofaffin ƙyamaren a sa murhu Baba Buba yash shigo. Yac ce, "Sanusi, bar mini su, ba su mutu ba." Yad ɗora bisa kai yat tafi.

Inna ba ta taɓa cewa uffan ba, sai sa albarka. Da niz zo babbar Sallah nit tarar da ita ta juya ma bango fuska. Tac ce, "Mi ake ciki waje?" Nik kwanta gefen gadon nid duba. Ba abin da nig gani sai ƙarfe da ɗan guntun sama. Mutane kuwa tunda sunka daina ganin fuskarta sai sunka daina tsayawa.

"Ina jin muryoyinsu," in ji ta, "su ne ba su san ina ji ba."

Kai, ban taɓa jin kunyar kaina irin ta rannan ba. Da kuɗina da hannuna nir rufe uwata.

Hajara tac ce mutum guda ne bai fasa ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci Baba Buba zai tsaya ƙarƙashin gilashin nan ya ɗaga murya ya gaishe ta, ya ba ta labarin kasuwa da na ruwan Rima, yana magana da bango kamar wanda bai da lafiya.

Nit tafi shagonshi. Bai yi mini faɗa ba. Yaj jawo ƙyamaren daga bayan benci, an goge su an shafa mai, sakata sabuwa. "Tun ranar nig gyara su. Jira nike ka gani da idonka."

Nic ce gobe-gobe a maida.

"A'a ɗana. Ba a huda ginin ƙasa da damina. Bangon ya sha ruwa, kana taɓa shi zai zubo mata. Bari a yanke gero. Sai an ɗora azara bisa, kuma ni zan ɗora ta da kaina, yaran yanzu siminti kaɗai sunka sani."

Haka munka zauna jiran ruwa ya ɗauke, ni a Sakkwato, ita a gadon.

Ganina da shi na ƙarshe sati biyu da sunka wuce ne, a tashar Achida. Ya samo azarar giginya, ana ɗaure mishi ita bisa mota. Yana dariya yac ce, "Ce ma Innarka ta ƙara haƙuri, ranar da zan buɗe, ni za ta fara gani."

An yi jana'iza ɗazu, ban samu ba. Hanyar maƙabarta ta lungunmu take bi. Hajara tac ce Inna ta ji takun mutane da yawa ba mai magana, tak kira ta: "Wa anka wuce da shi?" Hajara tac ce mata bari Yaya ya zo.

Ga ni cikin mota, mun wuce Achida, ban san da wane baki zan faɗa mata ba.

Allah shi jiƙan Baba Buba, shi yalwata mishi kabarinshi, shi haskaka mishi shi. Don Allah duk wanda yak karanta ya sa shi cikin addu'a. Ku sa Inna ma.